Rahoton Ayyukan Shekara: Ziyarar Gadar Ruwa ta Brooks da Ayyukan da Suka Tsaya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa maza da mata.

Da maganar kuɗi zan fara, don ita ce ta fi ci mini rai bana. Cikin waɗanda sunayensu ke littafin ƙungiyarmu, ko rabi ba su cika kuɗin wata-wata ba. Na buga waya, na tura saƙo ta WhatsApp, wasu ma na tare su a bakin masallaci bayan Juma'a. Amsa ɗaya ce: "Malam, bari albashi ya shigo." Albashi nawa ya shigo tun daga ranar? Ni ma aikin dare nake yi, ni ma ana jiran aike daga gare ni a gida. Duk wanda zai tambayi abin da ya hana a yi kaza, ya fara duba ko sunansa na cikin masu bashi.

An yi tarurrukan wata, in ban da wanda dusar ƙanƙara ta hana.

Abin alfahari bana shi ne ziyarar da muka kai tsohuwar gadar ruwa da ke kudu maso gabashin garinmu Brooks, a lardin Alberta na ƙasar Kanada. Da yawanmu mun shekara da shekaru a Brooks, daga gida sai wurin aiki, ba mu taɓa taka wurin ba. Kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific ne ya gina ta daga 1912 zuwa 1914, tsawonta ya zarce kilomita 3, a wani wurin tashinta sama ya kai kusan mita 20. Kwamin kankare ne aka ɗora bisa ginshiƙai jere reras, ya ratsa kwari don ya kai ruwan tafkin Newell gonakin da ke gabas. Sai da muka tsaya a gindinta muka ɗaga kai sannan muka gane girman aikin. Yara suka kama ƙirga ginshiƙai, suka gaji suka bari.

Inda aka fi daɗewa shi ne wurin da gadar ta ci karo da layin dogo. Magina ba su bi ta saman layin ba. Sun nutsar da ruwan cikin ƙaton bututu, ya bi ta ƙarƙashi, ya sake ɓullowa ta ɗaya gefen, babu injin da ke tura shi, nauyinsa ne kawai. A nan Baba, dattijonmu da ya tashi a Jazira ta Sudan, ya karɓe bayani. Ya ba yara labarin magudanan da ke ɗauko ruwa daga madatsar Sennar zuwa gonakin auduga, inda iyayensa suka yi ƙwadago, ya ce duk inda ka ga kore a busasshiyar ƙasa, akwai wanda ya haƙa wa ruwa hanya. Yaran da aka haifa a nan, waɗanda kullum muke fama da su a kan Hausa, sun yi tsit suna sauraro, har suna tambaya da Hausar. Wallahi wannan kaɗai ya biya ni wahalar shekara.

Gadar ta yi aiki har 1979, lokacin da aka maye gurbinta da magudanar ƙasa da ke kusa da ita, bayan sanyi da yoyo sun ci kankaren. Ba su rushe ta ba, a 1983 ma aka sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasar Kanada. Godiya ta musamman ga iyayenmu mata da suka kwana suna tuyar masa da dafa zoɓo, da waɗanda suka ba da motocinsu ba su karɓi ko kuɗin mai ba.

Sai ɗan littafin Hausa kan wuraren tarihin wannan yanki, wanda muka yi alkawari bara. Bai fito ba, kuma na ji ana ta ƙananan maganganu. To ga gaskiya. Babin gadar ruwa ya kammala, haka ma na yadda manoma suka karɓi harkar ban ruwa daga hannun kamfanin jirgin ƙasa a 1935. Babin gidan tarihi na gari da tsofaffin gine-ginen da ke harabarsa yana hannun waɗanda suka ɗaga hannu a taro, har yau ko shafi ɗaya ban gani ba. Kuɗin ɗab'i kuwa babu su a asusu, kuma ba zan ci bashi da sunan ƙungiya ba.

Ziyarar madatsar Bassano, inda ake tare ruwan kogin Bow a turo shi wannan yanki, ita ma ta faɗi saboda kuɗin hayar bas. Waɗanda suka fi ɗaga murya a kan a je, ba a gan su ba ko ranar gadar ruwa.

Littafin kuɗi zai kasance a kan tebur a taro mai zuwa, kowa ya zo ya duba sunansa da idonsa. Masu babin gidan tarihi kuma su zo da abin da suka rubuta, ko da rubutun hannu ne, ni zan buga shi a kwamfuta.

Wassalam.
Sakatare kuma mai riƙon ma'aji