Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Besbol Na Amurka, Rob Manfred

Yallaɓai Kwamishina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, maganar Danny Jansen, ɗan wasan besbol mai cafe ƙwallo, ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ranar 26 ga Yuni, 2024, Jansen yana tsaye da sanda a hannu a filin Fenway na Boston, sanye da rigar Toronto Blue Jays suna karawa da Boston Red Sox, sai ruwan sama ya kece a zagaye na biyu, aka ɗage wasan. Ranar 27 ga Yuli Toronto ta yi musayarsa da Boston Red Sox. Da aka dawo ƙarasa wasan ranar 26 ga Agusta, sai ga shi tsugune a bayan mai bugu yana cafe wa Boston ƙwallo, Daulton Varsho na Toronto kuma ya karɓi bugun da shi Jansen ɗin ya fara. Wasa ɗaya, riga biyu, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin babbar gasarku. Na yi dariya kamar kowa, amma da dariyar ta lafa sai na ga akwai gyara.

Tun fil azal dokarku ta ce wanda aka cire daga wasa ba ya komawa. Da Varsho ya shiga madadinsa, ai Jansen ya fita ke nan. To, ta wace ƙofa ya dawo? Dokar ƙarasa ɗagaggen wasa ce ta ba shi hanya, tunda ta yarda duk wanda ke cikin ƙungiya ranar ƙarasawa ya buga, ko da ba ya nan lokacin da aka fara. Wannan uzuri ne mai ma'ana ga ƙungiyar da 'yan wasanta suka watse cikin wata biyu. Amma mai cafe ƙwallo ba baƙo ba ne, Yallaɓai. Mutumin da ya shekara da shekaru a Toronto ya san raunin kowane mai bugu nasu, sai da ɗan gari kan ci gari. Toronto ce ta yi nasara a ranar, shi ya sa ba a ji ƙorafi ba. Da a ce wasan ne zai raba gardamar shiga gasar ƙarshen kaka, da an ji kanku.

Haka batun rubuta tarihi. Juan Soto ya fara buga wa Washington ranar 20 ga Mayu, 2018, amma littafinku ya nuna ya tsallakar da ƙwallo katanga a wasan 15 ga Mayu, don an ƙarasa shi ne a watan Yuni.

A 2019 kun soke musayar 'yan wasa ta watan Agusta, kuka bar wa'adi guda, ke nan gyaran doka ba ya gagarar ku. Roƙona shi ne ku ƙara layi ɗaya: wanda ya riga ya buga wa wani ɓangare a wasa, ya zauna a benci har a tashi, ko da ya sauya sheƙa.

Na gode, a huta lafiya.

Naka,
Wani mai bibiyar wasan daga nesa