Kafin a sayo tsohon injin datsa masara daga Turai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana da 'yan uwanmu masu shanu a Kumasi da kewaye, musamman alhazan Aboabo da Asawase da suka fara cigiyar tsofaffin injinan datsa masara da ciyawa, irin waɗanda ba tarakta ke jan su ba, suna da injinsu da tayoyinsu da mazaunin direba. Dalilin cigiyar a fili yake. Hunturu na shigowa ciyawa ta bushe, shanu su rame, su faɗa gonakin mutane, kuma kowa ya san rikicin makiyaya da manoma da hakan ya haifar a yankin Agogo. Wanda ya datse ɗanyar masara ya danne ta a rami ya rufe, wato sailej, ya rage wa kansa wannan fitina. Sabon inji ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, shi ya sa ido ya koma kan na shekarun 1970 da 1980. Sana'armu gyaran injinan gona ce a Suame, kuma abin da muke so mai saye ya riƙe shi ne, kuɗinsa a gangar wuƙaƙe suke zaune, wato ƙarfen nan mai siffar ganga da ke juyi da wuƙaƙen datsa a jikinsa. Injin dizal in ya mutu muna iya tada shi a Magazin, unguwar makanikai ta Suame. Ganga in ta tsage, zance ya ƙare.

Iri uku ne suka fi yawo a kasuwar tsofaffi. Kamfanin Claas na Jamus ya fitar da Jaguar 60 SF a 1973, sannan jerin 600 a 1983, kuma da yawa daga cikin jerin nan injin Mercedes ne a cikinsu, dangin na manyan motocin kaya da makanikanmu suka saba da su. Wannan kaɗai ya sa muka fifita su, domin fistin da ringi da nozul da gaskit ba za su yi wuyar samu ba. John Deere ya fara da 5200 da 5400 a farkon shekarun 1970, daga baya 5720 da 5820 da 5730 da 5830. Injina ne masu juriya, amma waɗanda aka ƙera a Amurka notinansu na inci ne, sai an tanadi sifanun inci, in ba haka ba yara su cinye kan noti da sifanar milimita. Na uku shi ne Fortschritt E 280 da E 281 na tsohuwar Jamus ta Gabas. Suna da arha, kuma aikinsu mai sauƙin fahimta ne, sai dai masana'antar ta wargaje bayan haɗewar Jamus a 1990. Duk wanda ransa ya biya da irin wannan, ko na kamfanin Mengele ko na Hesston, to ya sayi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na cire kaya. Araha ba ta ado.

Ana samun tallarsu a shafukan intanet irin su Mascus da Agriaffaires da traktorpool, amma hoto bai isa a tura kuɗi ba. A nemi ɗan uwa a Hambog ko wani gari na kusa ya je da ƙafarsa, kuma gara a yi haka a Satumba ko Oktoba lokacin da Turawa ke yankan masara, don a ga injin yana cin kara da gaske. A karɓi hoton farantin lambar jiki, saboda da lambar nan ake odar kaya, kuma iri ɗaya yana iya sauya girman boris daga shekara zuwa shekara. A nemi littafin direba da littafin kayan gyara tun kafin ciniki ya faɗa. A tada injin da sanyin safiya, hannu a kan jikinsa don a tabbatar ba a riga an ɗumama shi ba. A duba ko hayaƙi na fita da ƙarfi ta bututun numfashi, a buɗe lagireto a ga ko mai ya gauraya da ruwa. Tafiyarsa kuma yawanci da haidurolik ce, sai mai ya yi zafi ake gane gaskiyarta: a tuƙa shi rabin awa, a hau gangare da shi, in ƙarfinsa ya ragu famfon ya gaji, kuma gyaransa ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Sai gangar. Aikinta irin na almakashi ne: rololi suna danne karan suna tura shi, wuƙaƙen da ke jikin ganga suna saukowa a kan wani miƙaƙƙen ƙarfe da ba ya motsi, sandar yanka, sannan fanka ta hura abin da aka datsa ta bututu zuwa tirela. Gangar tana juyi kusan 1,000 a minti ɗaya. In tana yanka sau 12 a kowane juyi, sara 200 ke nan a daƙiƙa guda. A kashe inji, a cire makulli, a buɗe murfin, a bi mazaunin kowace wuƙa da tocila ana neman tsaga ko tsohuwar walda. Ganga mai walda a mazaunin wuƙa ta taɓa haɗiyar ƙarfe, kuma da wuya nauyinta ya koma daidai. A sa ƙarfe a ɗaga ta daga gefe, in ta yi motsi boris ya tafi. A shafa farantin da ke ƙarƙashinta da cikin gidan fanka da bayan bututu, nan ne yashi ke cinyewa har ya huje. Waɗannan farantan ana iya yanka su a nan Kumasi daga ƙarfe mai jure gogayya, saboda haka hujewarsu dalilin rage farashi ce kawai.

Akwai abu ɗaya da muke roƙon maƙeranmu da masu walda su yi haƙuri su bari. Kada a ƙera wa wannan ganga wuƙa daga sifirin mota. Mun san gwanintarsu, kuma a garma ko injin niƙa dabarar tana aiki, amma a nan kowace wuƙa sai nauyinta ya zo ɗaya da na 'yar uwarta da ke ɗaya ɓangaren, in ba haka ba girgiza ta cinye boris cikin kwanaki, ko wuƙar ta karye ta fasa gida ta fito. Kusoshin da ke riƙe wuƙa masu ƙarfi ne na musamman, lambar ƙarfin tana rubuce a kansu, 10.9 ko 12.9, kuma da sifana mai awo ake ɗaure su gwargwadon abin da littafin ya ce. Kusar kasuwa ba ta shiga nan. Saboda haka a sa saitin wuƙaƙe guda, da kusoshinsu, da sandar yanka, da dutsen wasa biyu, da babban bel, a cikin kayan da za a ɗoro tare da injin.

Haka batun na'urar gano ƙarfe. Maganaɗisunta yana cikin rolar gaba ta ƙasa, in guntun ƙarfe ya biyo kara sai ta tsayar da rololin nan take kafin ya kai ga wuƙa. Shi ya sa aka yi rololin gaba da ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa. Mai walda in ya cike haƙoransu da sandar walda ta yau da kullum, na'urar za ta riƙa tsayar da aiki ba dalili, direba ya gaji ya cire wayarta, ranar da tsohuwar adda ko haƙorin garma ya shiga kuwa shi ke nan. Kuma a sani ba ta ganin dutse. Marmara da kututture sun yi yawa a gonakinmu, sai an bi an tsince kafin shuka.

Wajen ɗorowa, faɗin injin ya kusa mita 3, cikin kwantena kuwa bai kai mita biyu da rabi ba. Ko dai a cire tayoyi da ɗakin direba da bututu, a sa wa kowace waya da tiyo lamba, ko a ɗoro shi a jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita. Daga tashar jirgin ruwa ta Tema a ɗora shi a tirela mai ƙasa-ƙasa. Kada a ja shi da sarƙa inji a kashe, na'urar haidurolik da ke tura tayoyi za ta juya ba mai, ta ƙone.

Bakin yankan masara na Turai an yi shi ne don layi mai tazarar santimita 75. Gonar da aka shuka da hannu, ko mai kunya, ba za ta shiga bakin ba, zai riƙa kwantar da kara yana wucewa. Wanda zai yi aiki a Ejura ko Atebubu ya fara shirya injin shuka tukuna. Ya kuma tuna cewa injin datsa ba ya ɗaukar kaya: sai tirela uku aƙalla suna kai da komowa, da tarakta guda a rami tana dannewa, shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace kada ta wuce kaurin santimita 15, a rufe da leda a ranar, kada a buɗe sai bayan mako 3 ko fiye. Lokacin yanka shi ne sa'ad da ƙwayar ta fara tauri, farin ruwan cikinta ya janye zuwa rabi, busasshen abin da ke jikin shukar ya kai kashi 30 zuwa 35 cikin 100. Tsawon datsa santimita 1 ya yi in babu rolar fasa ƙwaya. In akwai ta, a kai kusan santimita 2, a bar tazarar milimita 1 zuwa 3 tsakanin rololinta.

A lokacin aiki, a wasa wuƙa kullum, in ƙasar mai yashi ce sau biyu ko uku a yini, kaɗan-kaɗan. Duk wasa yana rage faɗin ganga, don haka bayan kowane wasa a matso da sandar yanka, tazarar kada ta kai rabin milimita. Alamar an yi sakaci ita ce ganye ya fito dogo a yayyage, inji yana nishi, dizal yana tafiya. Sandar in bakinta ya dakushe, a juya ta ko a sauya. A hure ragar lagireto da iska safe da rana, domin ƙaiƙayi da zafinmu sun fi abin da aka auna wa injin a Jamus, kuma ƙaiƙayin da ya taru kusa da salansa shi ke jawo gobara. A zubar da ruwan da ya kwanta a matatar dizal kowace safiya. Giris a kan lokaci, amma kada a cika har ya tura sil waje.

Gangar tana ci gaba da juyi bayan an cire ta daga giya, shiru ba ƙara. Kada kowa ya buɗe murfi ko ya sa hannu a baki sai ya ga ta tsaya cak da idonsa. Don Allah iyayen gida su nanata wa yaran aiki wannan.

In kaka ta wuce, a wanke cikin injin tas, saboda ruwan masara yana da tsami, yana cin ƙarfe. A shafa wa wuƙaƙe mai, a sassauta bel, a cire batir, a ajiye shi ƙarƙashin rumfa, a sa maganin ɓera, don ƙwayar masarar da ta maƙale tana kiran su kuma wayoyi suke fara ci.

Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka. Wassalam.

Daga wasu makanikan injinan gona,
Suame, Kumasi