Daga Alƙahira, a Tsakiyar Hunturu

Alƙahira, Masar
Daren Alhamis, watan Janairu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da su Baba da Hajiya da duk mutanen gida. Yaya sanyin Katsina? Yaya karatu, yaya kuma haƙuri da rashinmu? Saƙonka ya iso ni tun makon jiya. Da gangan na ƙi amsa maka da murya a WhatsApp, domin tambayarka ba ta minti biyu ba ce. Ka ce takardunka sun kusa kammala, kana so in gaya maka tsakani da Allah yadda zaman nan yake, ba irin labarin da muke ba iyaye don hankalinsu ya kwanta ba. To ga ni na lulluɓa da bargo biyu, na jawo kofin shayi, zan rubuta maka.

Abin da na fi dogara da shi kafin in taso shi ne ya fara ba ni wahala, wato Larabci. Ka san shekarun da muka yi a zaure gaban Malam muna haddar nahawu da sarfu. Na sauka a filin jirgi da tunanin ko ba komai bakina a buɗe yake. Kwana uku da zuwana na shiga ƙaramar farar bas ɗin nan da suke kira mikrobas, zan je unguwar Abbasiyya. Da muka kusa, na ɗaga murya na gaya wa direba ina so in sauka, da Larabcin littafi, kowane wasali a wurinsa. Mota ta yi tsit. Sai wani saurayi daga baya ya ce “sadaƙallahul azim”, aka kwashe da dariya, direba kuwa bai taka birki ba sai da muka wuce wurin da nisa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don harshen da na sha wuya a kansa ne aka yi wa dariya a bakina. Wani dattijo da ke gefena ya dafa gwiwata, ya ce a hankali: “Ul: ala gamb ya usɗa.” Wato ka ce, gefe ɗaya, direba. Ya maimaita mini sau biyu har na kama, ya kuma sa aka tsaya.

Ka lura “ul” ya ce, ba “ƙul” ba. Mutanen Alƙahira sun haɗiye harafin ƙaf a maganar yau da kullum: zuciya “alb”, gahawa “ahwa”, alkama “amh”. Jim kuma ta koma ga, shi ya sa raƙumi “gamal” ne, kuɗinsu kuma “gine”. Idan kana son abu “ayiz” za ka ce, nawa ne “bikam”, ina ne “fen”, yanzu “dilwa’ti”. Ka ce a ba ka “laban”, madara za a miƙo maka. Kindirmo sunansa “zabadi”. Wannan ita ce ammiyya. Na yi wata guda ina ƙyamarta, ina ganin ɓata harshen Alƙur’ani ne, kuma a watan nan kaɗaici ya ci ni. Na yi kuskure, kada ka maimaita shi. Fusha, wato Larabcin littafi, tana nan da martabarta a aji da mumbari da jarida, kuma a can za ka ga amfanin zaman zaurenmu, don malamai suna girmama ɗalibin da ya iya i’irabi. Amma maƙwabci da mai shago da mai gadin gida, wanda suke kira bawwab, ba za su saki jiki da kai ba sai ka yi musu magana da harshen da suke yi wa ’ya’yansu. Na sayi ɗan littafin rubutu na aljihu, duk kalmar da na ji a titi in rubuta, da dare in tambayi waɗanda suka riga ni zuwa.

Akwai kuma abin da kalma kaɗai ba ta koyar da shi. A bakin layinmu akwai wani mai sayar da ful a amalanke, da babbar tukunyarsa mai ƙaramin baki wadda wake ke kwana yana dahuwa a ciki. Ranar farko da na ci na miƙa masa kuɗi, sai ya ɗora hannu a ƙirji ya ce “khalli”, wato bar shi. Na ɗauka kyauta ce ya yi wa baƙo, na yi godiya, na yi masa addu’a, na tafi. Da na ba abokan zamana labari suka ce in koma yanzu-yanzu. Ashe kara ce kawai, irin “bismillah” ɗin da muke yi wa mai wucewa idan muna cin abinci. Shi zai ce bar shi, kai kuma ka nace, sai ya karɓa. Na koma da kunya na ba shi haƙuri. Ya yi murmushi, ya karɓi kuɗinsa, ya ƙara mini ta’amiyya, irin ƙosansu, guda biyu masu zafi a takarda, wannan karon kyautar gaske. Tun daga ranar, kullum da safe shi ke fara ce mini “sabahul full ya shekh”, kuma rabin ammiyyar da na iya a gaban amalankensa na koye ta.

Tunda na ambaci ful, bari in shiga maganar ciki, don na san kai da tuwo ba a raba ku. Makonni biyun farko na rame. Ba don babu abinci ba, abinci ga shi nan ko’ina kuma da sauƙin kuɗi idan na talakawa za ka ci. Matsalar ita ce in ci in ƙoshi, amma raina bai yarda na ci abinci ba. Komai da gurasa ake cinsa. Sunanta ma a nan “aish”, rayuwa ke nan, kuma da gaske suke: za ka ga yaro a kan keke da faffaɗan katako a ka, an jera gurasa a kai, yana ratsa motoci da hannu ɗaya. Gwamnati na tallafa wa ’yan ƙasa a kanta. Shekaru masu yawa ana sayar da guda ɗaya ƙirshi 5 (ƙirshi shi ne kwabonsu), sai a watan Yuni na 2024 aka mayar da ita ƙirshi 20, har yau kuma ana zancen. Mu baƙi ba mu da katin tallafin, ta kasuwa muke saya.

Ful wake ne manya, a dama shi da mai da gishiri da lemun tsami, a dangwala da gurasa. Ta’amiyya kuwa ƙanwar ƙosai ce, sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da suke niƙawa tare da waken. Koshari shi ne garau-garau ɗinsu: shinkafa da makaroni da adas, wani irin ƙananan wake, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa, ga ruwan tafarnuwa mai tsami da ruwan barkono a kwalba kowa ya zuba daidai bakinsa. Shi ne abincin ɗalibi, kwano ɗaya zai riƙe ka daga azahar har isha’i. Abin da har yanzu ban saba da shi ba shi ne turshi, karas da kokwamba da lemo da aka jiƙa a ruwan gishiri har suka yi tsami, wanda ake ajiye maka kusa da kowane abinci. Yaji kuma ba su san shi ba yadda muka san shi. Abin da za su ce maka yana da zafi, ƙanwarka ’yar shekara biyar za ta cinye ba ta nemi ruwa ba.

Ranar da zuciyata ta fara kwanciya a garin nan zan iya nuna maka ita. Matar mai gidanmu ce ta aiko ɗanta da kwano a rufe, wata Juma’a bayan an sauko. Na buɗe, sai ga miya koriya shar, tana yauƙi, ƙanshin soyayyar tafarnuwa na tashi. Yaron ya ce “molokhiyya”. Na kai loma ɗaya baki na tsaya. Aminina, lalo ne! Lalon nan da Hajiya ke tsinkowa a bayan gida da damina. Sun yanka shi ƙanana sosai da wata wuƙa mai lanƙwasa mai mariƙi biyu, sun dafa da romon kaza, babu daddawa babu kanwa, amma shi ne. Na zauna a ƙasa na cinye da shinkafa, idona ya cika da hawaye, ban kuma ji kunyar abokan zamana ba don su ma sun san wannan rana. Daga nan idona ya buɗe. Jan abin shan da suke kira karkade zoɓo ne. Tamar hindi tsamiya ce. Dom goriba ce, su jiƙa ta suke yi su sha. Bamiya kuɓewa ce. Ruwan rake kuwa a gabanka za a matse maka shi a shago. Ashe rabin kasuwar Katsina na nan, suna kawai ta sauya.

Sauran rabin kuma a wurin ’yan Sudan muka same shi. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu a watan Afrilun 2023 suka ƙaru sosai a Alƙahira, suka buɗe shaguna da gidajen abinci a unguwanni kamar Faisal da nan Hayyul Ashir inda muke. A wurinsu ake samun garin busasshiyar kuɓewa, suna ce masa weka, da tunkuzar gyaɗa. Suna gasa agashe da ƙuli da yaji, kuma su da kansu za su gaya maka daga Hausawan Sudan suka gaje shi. Na taɓa yin ciniki da wani a cikinsu da guntun Larabcina, sai ya dube ni ya ce, “Kai Bahaushe ne?” Kakanninsa mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka ba su koma ba. Mun fi awa muna hira a tsaye. Yanzu duk daren Juma’a mu biyar muke haɗa kuɗi, a tuƙa tuwo da garin semo, a kaɗa miyar kuɓewa, mu zauna a faranti ɗaya.

Sanyi kuwa, kada wanda ya ruɗe ka da cewa Masar hamada ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare kan sauko wajen digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka, kuma ba irin hunturunmu ba ne da rana na fitowa jiki ya warware. Gidajen bene ne na siminti da tayil, sanyi na shiga ya zauna, cikin ɗaki ya fi waje. Alwalar asuba sai an daure. Babu tsakar gida, babu zaure, babu dakalin da za a zauna hira bayan la’asar. Wannan rashin ya fi sanyin ci mini rai. Garin mutum fiye da miliyan 20 ne, ba ya barci sai an yi asuba, ƙarfe ɗayan dare yara na wasa a layi. Matan da ke saman bene kwando suke zurowa da igiya daga baranda, mai shago ya sa kaya su ja. Mai gas da sifana yake buga tukunya don a san ya iso. Hutun mako Juma’a ne da Asabar, Lahadi kowa na wurin aiki. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda suka fara tun 1987, shi ya fi sauƙi da sauri, sai dai ka kula akwai taragun da aka keɓe wa mata. Sabunta takardar zama kuma aikin haƙuri ne: ka yi sammako, ka riƙe kwafin kowace takarda fiye da ɗaya.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa su Baba ba. Wani lokaci za ka wuce yara ko samari a titi su jefe ka da kalma saboda launin fatarka. Ba kullum ba ne, ba kuma kowa ba, amma yana faruwa, kuma yana da zafi musamman daga bakin wanda kuka fito masallaci ɗaya. Na fi so ka ji daga wurina tun kana gida. Idan ya faru kada ka tanka, kada kuma ka kulle kanka a ɗaki ka yanke wa gari duka hukunci. Dattijon mikrobas da mai ful da matar da ta aiko da lalo su ma ’yan garin ne.

Duk ranar da ƙirjina ya yi nauyi, masallacin Azhar nake tafiya. An fara salla a cikinsa tun shekarar 972, kuma har yau bayan darasin jami’a malamai na zama a jikin ginshiƙai, ɗalibai su kewaye su da littattafai a cinya, kamar dai zaurenmu. A da can har ɓangare na musamman ɗaliban Barno suke da shi a masallacin. Wata rana kuma na je unguwar Sayyida A’isha na ziyarci kabarin Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, shi ne fa wanda Malam ke ba mu labarin ya rubuta wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim Sura da Sarkin Agadas. Na tsaya a wurin na daɗe, ina tunanin mutanenmu da suka ratso Sahara a kan raƙuma wata da watanni don su zauna inda nake zaune. Su ma sun ci gurasar nan, sun ji sanyin nan.

Idan za ka taso, ka rage tufafin zafi ka sa rigar sanyi mai kauri da safa. Ka roƙi Hajiya ta daka maka yaji mai yawa, ta haɗa da daddawa da kuka da garin kunun tsamiya, a ɗaure su sosai a leda biyu-biyu. Daddawar nan kada ka manta da ita don Allah, tamu ta ƙare tun watan jiya. Ka turo mini ranar da jirginka zai sauka da lokacin, zan zo filin jirgi da kaina, kuma akwai katifa a ɗakinmu har ka samu wurinka.

Ka gaishe mini da Baba da Hajiya, ka ce ina neman addu’arsu. Ka je takanas ka gaishe da Malam, ka gaya masa karatunsa na yi mini rana a nan. Ka leƙa gidanmu ka ce wa Inna ina cin abinci sosai, har lalo na samu.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Alƙahira