Zuwa Ga Ɗana Da Ya Cika Shekara 15

Assalamu alaikum ɗana,

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda akwai maganganun da kunya ba ta barin uba ya faɗa wa ɗansa ido da ido. Ta farko godiya ce. Na gode wa Allah da Ya ba ni kai, Ya raya mini kai har muryarka ta buɗe, gashin baki ya fara tsirowa, kafaɗarka ta kusa kamo tawa. Kai ma na gode maka. Ina lura da yadda kake sauke murya idan Ummanka ta kira ka, ko da ranka a ɓace yake, da yadda kake tsugunawa ka ɗaura wa ƙaninka igiyar takalmi ba tare da an sa ka ba. Ba a rasa abin yi maka faɗa, amma abin godiyar ya fi shi yawa nesa ba kusa ba.

Yanzu abubuwan da muke riƙe maka tun kana ƙarami sun fara komawa hannunka, kuma mafi girmansu shi ne tsarkinka. Ranar da ka farka ka ga maniyyi a wandonka, ka balaga, alƙalami ya hau kanka. Ba ciwo ba ne, ba kuma laifi ba ne. Wanka ne ya wajaba kafin ka yi salla. Ka wanke hannuwanka sau uku, ka wanke gabanka da niyyar wankan janaba, ka yi alwala, ka tsettsefe gashin kanka da jiƙaƙƙun yatsu har ruwa ya kai tushensa, ka zuba ruwa a ka sau uku. Daga nan ka wanke ɓangaren dama, sannan na hagu, kana cuɗawa da hannu, ba tare da ka tsaya wani abu a tsakani ba. Inda samari suka fi yin kuskure shi ne wuraren da ruwa ba ya shiga da kansa: cibiya, hammata, bayan kunne, ƙarƙashin haɓa, matsematsi, bayan gwiwa da tsakanin yatsun ƙafa. Idan tafin hannunka ya taɓa gabanka bayan alwalar, wankan yana nan, alwalar ce za ka sake. Maziyyi kuwa, ruwan nan mai yauƙi da ke fita lokacin sha'awa, ba ya wajabta wanka. Ka wanke gaban duka, ka yi alwala. Mafarki da rana a watan azumi ba ya karya azumi. Abin da ya shige maka duhu ka tambaye ni, ko malaminka na Islamiyya, kada ka tambayi majalisa.

Barci ma ka ba shi haƙƙinsa. Mai shekarunka yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a dare. Wanda zai tashi asuba ƙarfe biyar, bai kamata ƙarfe tara ta same shi yana danna waya ba. Shi ya sa na ce ta riƙa kwana a falo wajen caji. Ba zarginka nake yi ba.

Maganar abokai ita ce ta fi damuna. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ba wanda zai zo maka ya ce ga ƙwaya ka lalace. Cewa za su yi maganin gajiya ne, ko na ƙarfin karatu, ko su zuba maganin tari mai kodin a lemon kwalba su miƙo maka. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗa wannan maganin da shigo da shi tun 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Tramadol kuwa, idan ya yi yawa a jiki yana sa mutum ya faɗi yana jijjiga, kuma jiki yana sabawa da shi har a kasa bari. Don haka kada ka sha abin da ba a gabanka aka buɗe ba, kada kuma ka karɓi ajiyar ƙullin da ba ka san me ke ciki ba, domin wanda aka kama da kaya shi ne mai kaya. In ka tsinci kanka a wurin da bai dace ba, ka kira ni ko ƙarfe nawa ne. Zan zo in ɗauke ka tukuna, magana sai gari ya waye.

Sai karatu. Jami'a tana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, da Turanci a ciki, da Lissafi ma a yawancin fannoni. JAMB darussa huɗu ce, jimillar maki 400, Turanci dole ne, sauran ukun kuma sai sun dace da fannin da kake so; yara da yawa suna cin maki mai kyau su rasa gurbi saboda sun haɗa darussan da ba su dace ba. Wata matsalar ita ce suna. Yadda aka jera sunanka da ranar haihuwarka a NIN, haka za su kasance a WAEC da JAMB, harafi ɗaya kada ya bambanta, don gyaransa daga baya yana cin kuɗi da lokaci. Ranar Asabar bayan la'asar ka ɗauko takardar haihuwarka da ta NIN mu zauna mu duba su tare, ka kuma faɗa mini fannin da zuciyarka ta fi kwantawa da shi.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare mini kai.

Mahaifinka.