A samo wa manyan sakandaren Daura malaman Faransanci

Edita,

Assalamu alaikum. Ka taimaka mini da ɗan fili a jaridarka in kai kukana kan darasin Faransanci a babbar sakandare.

'Yata tana aji biyar a wata makaranta a nan Daura. Tun tana ƙaramar sakandare darasin nan ya shiga ranta, har ta zaɓe shi cikin waɗanda za ta rubuta a WAEC. A aji huɗu an yi dace, aka turo musu wata 'yar bautar ƙasa da ta iya harshen. Shekararta na cika ta tattara nata ya nata ta tafi. Har yau sunan darasin na nan a jadawali, Talata da Alhamis, amma zaman hira yaran suke yi. Da na je na yi magana sai aka ce ai ba dole ba ne, ta canza wani. Wani malami har da dariya: "Alhaji, Nijar ɗin ma ta yar da Faransanci, me za ku yi da shi?"

Maganar nan tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Gaskiya ne a watan Maris na 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma ni ma na yi murna. Amma dokar ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Na fi shekara ashirin ina bin hanyar Kongolam zuwa Matamaye da Damagaram da kaya. Ciniki da Hausa muke yinsa, gaisuwa da Hausa, rigima ma da Hausa. Da zarar takarda ta fito kuwa, ta duwan ce (wato kwastan) ko ta asibiti, labari ya sha bamban. Akwai ranar da wani jandarma ya miƙo mini takardata yana nuna wani layi da yatsa. Na juya ta sama da ƙasa, gumi na karyo mini, sai da na ba wani ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, jika guda ta sefa ya karanta mini. Ashe wa'adinta ne ya wuce da kwana uku.

"Bonjour" da ƙirga ɗaya zuwa ashirin da ake koya a aji ɗaya ba su fitar da mutum daga irin wannan. Sai a aji huɗu zuwa shida ne yaro ke ƙwarewa wajen juya aikatau, da rubuta wasiƙa, da karanta shafi guda ya faɗi abin da ke ciki. Jarrabawar kuma tana da ɓangaren baka, inda za a zaunar da shi a yi hira da shi. Wannan ba ya haddatuwa daga allo, sai kunne ya saba da bakin malami.

Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci ne harshen hukuma na biyu a Najeriya. Akwai ƙauyen koyon harshen a Badagry, can jihar Legas, tun 1991, mu kuwa da iyaka ke bayan gidanmu ko malami ya gagare mu. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya. In ya fara aiki, 'ya'yan wa za a ɗauka su riƙa duba takardun kaya a tasha?

Roƙona ga hukumomin ilimi shi ne a ɗauki malamai na dindindin. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua tana yaye waɗanda suka karanci Faransanci. In kuɗi ne matsala, malami ɗaya ya riƙa zagaya makarantu uku da ke kusa da juna.

Yanzu dai wata maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi ce ke zama da yarinyar bayan la'asar, suna bin tsohon littafinta na lakwal. Baɗi za a yi musu rajistar WAEC.

Naka,
Wani uba daga Daura