Wasiƙa daga Garwa zuwa Gilasgo

Ummi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina maigidanki, ina kuma ɗan angona?

Tun da kika ce mini cinyoyinki na ciwo, hawan bene ma sai kin tsaya hutawa, ban yi barcin kirki ba. Kin ce gajiyar jego ce. Ni dai da na tsufa a aikin ungozoma ba zan yarda ba sai an ɗebi jininki an auna bitamin D.

Fatar mutum ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, shi kuma ya taimaki hanji ya tsotsi kalsiyam don ƙashi. A nan Garwa, shanyar wanki da hantsi ma tana ba mace rabonta. Can Gilasgo ta ƙasar Birtaniya kuwa daga Oktoba har Maris ranar ta ado ce kawai, haske ba ƙarfi. Ba ke kika ce a Disamba kuna sallar magariba kafin ƙarfe 4 ba? Baƙar fatar nan da ke kare mu daga ƙunar bazara ita ce ke rage miki ɗan abin da za ki samu, ga hijabi, ga rigar sanyi. Zaman jikin taga ma ba ya fisshe ki, gilashi na tare hasken da ake buƙata.

Hukumar lafiyarsu, NHS, tana ba masu irin fatarmu shawarar shan bitamin D maikurogiram 10 (ma'aunin da ake auna shi da shi ke nan) kullum, shekara gaba ɗaya. Na san kin ɗauko halin babanki, a ce ƙwaya ɗaya ya haɗiye uku, to kada ki kuskura ki wuce 100 a rana sai da izinin likita. Yawansa na tara kalsiyam a jini har ya taɓa ƙoda.

Ki riƙa cin kifin sadin da salmon da gwaiduwar ƙwai. Bandar Binuwai da na aiko miki don daɗin miya ce, kada ki dogara da ita.

Sai maganar angona. Nononki kaɗai ba zai ishe shi ba a wannan fanni, ana ɗiga wa mai shan nono maikurogiram 8.5 zuwa 10 kullum. Yaron da ya rasa bitamin D ƙashinsa laushi yake yi, yana fara tafiya ƙafafun su lanƙwashe kamar baka. Ki tambayi nas ɗin da ke zuwa duba ku, gobe ba jibi ba.

Babanki na gaishe ku. Ranar Juma'a zan kira, ki ajiye takardar gwajin kusa ki karanta mini.

Innarki