Kyautar kwalba: a ba mutane siron sure, ba abin da zai tashi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da ƴan'uwana mata, musamman ƴan matan da suka shiga haɗa abin sha a gida. Sana'ata ke nan a Damagaram, lemon sure da na tsamiya da na citta. Kwanan nan tambaya ɗaya ke ta dawo mini daga bakinsu: "Inna, wane ɗan itace ya fi sauƙin jiƙawa da sukari da yis, a rufe shi makonni, a ɗura a kwalba a kai wa mutane kyauta?" Sun gani a waya ana yi da abarba da inabi da mangwaro, har da suren namu, ga launi ga ƙyalli.

Ƴaƴana, wannan giya ce. Yis sukari yake ci, ya fitar da iska da barasa, kuma idan aka bar shi ya gama aikinsa ruwan yakan kai barasa kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari, wato ninki biyu ko fiye na giyar kwalba da ke wajen kashi 5. Wanda addininsa bai hana shi ba, wannan tsakaninsa da gidansa. Amma ɗiyar Musulmi ta ɗauki wannan ta kai wa surukarta da sunan lemo, ba ta kyauta wa kowa ba, ko da ba ta sani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ko ba a zuba yis ba, lemonmu yana tashi da kansa. Akwai yis a jikin bawon ƴaƴan itace, akwai shi a iska da a ludayin da ba a wanke da kyau ba. Abin da yake jira ruwa mai zaƙi ne da ɗumi, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Sai mace ta tashi da asuba ta haɗa lemo mai daɗi, ta ɗura a robar ruwa ta murɗe murfi, ta ba direba ya kai Mirya ko Tanut. Robar ta yini a bayan mota, ta isa gidan da babu firigo, ko akwai amma wuta ta ɗauke. Masu gida su ce a ajiye wa baƙi. Kwana biyu, ka taɓa robar ka ji ta yi tauri kamar dutse, ka buɗe ta yi tsaki, kumfa ya taso, ka ɗanɗana ka ji yana tsikarin harshe. Kunun aya ma ba ya kai haka, na safe zuwa la'asar ya juya idan babu ƙanƙara.

Malamai suna karantar da mu hadisin Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Idan jiƙon zabibi yana da iyaka, ina ga lemon da muka cika da sukari muka toshe bakinsa?

Shawarata ga mai son ta yi kyautar kwalba, don Sallah ko suna ko buɗe baki, ta yi siro, wato ruwan lemo mai kauri da aka dafa da sukari mai yawa, wanda ake sirkawa da ruwa kafin a sha. Kuma a cikin duk abin da na sarrafa babu mai sauƙin sure. Yana da arha a Kasuwar Dole, busasshe ne ba ya ruɓewa a hannunki, kuma tsaminsa na taimakawa wajen ajiya.

Ki zaɓi mai ja sosai, ki tsince tsakuwa da kara, ki ɗauraye sau biyu saboda ƙasa. Ki zuba a tukunya mai fenti ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa, don tsamin sure na cin tukunyar dalma ya ɓata ɗanɗano. Ruwa ya ɗan sha kansa kawai, domin mai kauri ake so. Ki daka citta da kanumfari kaɗan ki jefa, ya tafasa kamar minti 10, ki sauke ki bar shi ya jiƙu, sannan ki tace da farin ƙyalle mai tsabta, ba rariya kaɗai ba. Don Allah ban da kanwa. Na san wasu na sakawa don kashe tsami, amma tana maida launin baƙi-baƙi, kuma tsamin da take kashewa shi muke buƙata.

Sirrin yana wajen awo: kowace lita ɗaya ta ruwan da kika tace, sukari kilo biyu. Za ki ga kamar ya yi yawa, kar ki rage. Idan sukari ya kai kashi biyu cikin uku na nauyin siron gaba ɗaya, yis ba ya samun ruwan da zai rayu da shi, shi ya sa zuma ke daɗewa ba ta lalace ba. Ki maida kan wuta marar ƙarfi kina juyawa har ya narke duka, ya ɗan tafasa, ki kwashe kumfan sama. Idan kika ɗaga ludayi za ki ga yana sauka a hankali, ja wur, yana kama bayan ludayin. Kwalbar gilashi kuma ki dafa ta da murfinta a ruwa, ki kife ta bushe, ki ɗura siron da zafinsa tun tana da ɗumi don kar ta fashe, ki rufe nan take.

Wanda aka kai wa zai zuba ludayi ɗaya a ludayi shida ko bakwai na ruwan sanyi. Kwalbar lita ɗaya ta shayar da gida guda kwanaki, kuma ba sai ta shiga firigo ba kafin a buɗe ta, inuwar ɗaki ta isa. Tsamiya ma tana yin siro mai kyau da wannan awon, sai dai tacewarta da wahala. Mangwaro da gwaba ban ba sabuwar hannu shawara ba, tsokarsu ke jawo lalacewa. Gidan da ke da mai ciwon sukari kuwa, ki ƙulla masa busasshen sure da citta da na'ana'a, ya dafa abinsa yadda likita ya ce.

Ki manna ƴar takarda a jikin kwalbar ki rubuta ranar da kika yi da yadda ake sirkawa, ki ƙara da cewa bayan an buɗe a rufe da kyau, kada a tsoma jiƙaƙƙen cokali a ciki, kuma idan aka ga kumfa ko aka ji tsaki wajen buɗewa a zubar.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Wata mai sana'ar lemo,
Unguwar Birni, Damagaram